Hazo Da Hayaƙi A Kwarin Kubanni

Wanda ya tsaya a fili wajen Samaru ko Jama'a cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, ya dubi kudu, zai hangi Dutsen Kufena tangaran, kamar ya miƙa hannu ya taɓa shi. In ya komo wurin nan cikin watan Janairu, ran da hazo ya sauka, ko alamar dutsen ba zai gani ba. Dutse dai bai gusa ba, yana nan inda ya ke tun fil azal. Abin da ya sāke shi ne iskar da ke tsakanin idon mutum da dutsen.

To, wannan iska ita ce manomi ke shaƙa a gona, ita ɗan kasuwa ke shaƙa a rumfa, ita kuma akawu ke shaƙa a ofis. Baligi ya kan ja numfashi wajen sau 20,000 tsakanin safiyar yau da ta gobe. Mutum ya kan duba ruwan da zai sha, in ya ga gurɓatacce ne ya zubar ya nemi wani. Iska kuwa ba a zaɓenta, wadda ta zo ita a ke shaƙa. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke ɓata ta, da lokacin da ta fi ɓaci, da kuma wurin da ɓacin ya fi taruwa. Cikin abubuwan nan akwai wanda ya fi ƙarfin mutum, akwai kuma wanda mutanen gari ke jawo wa kansu da hannunsu.

Yadda Ƙasar Ta Ke

Samaru tana arewa maso yamma da birnin Zariya, tsakaninsu mil 8 ko 9. Ita da Jama'a duk gundumomi ne cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ƙasar tudu ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga bakin teku wajen ƙafa 2,250, watau mita 686. Ban da duwatsu jefi-jefi irin su Kufena, babu wani babban tsauni da zai tare iska. Duk abin da iskar gabas ta ɗauko, ba ta da shamaki sai ta sauke shi a nan.

Amma shimfiɗar ba ɗaya ta ke ba. Akwai tudu, akwai gangare, akwai fadama. Hanyar Sakkwato da ta ratsa Samaru bisa tudu ta ke, daga nan ƙasa ta gangara kudu zuwa rafin Kubanni. Shi Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya bi ta cikin filin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka datse shi a shekarar 1973 don samun ruwan sha, sa'an nan ya wuce tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa cikin Galma. Kwarin nan ba shi da zurfi ƙwarai, amma za a ga yadda ɗan gangaren nan ke raba mutane biyu wajen iskar da su ke kwana a ciki.

A dā duk wuraren nan ƙauyuka ne da gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a shekarar 1911, Sabon Gari ta kafu kusa da tasha. A shekarar 1922 aka kafa wurin binciken aikin gona a Samaru, a 1962 kuma aka buɗe Jami'a. Tun daga nan gari ke cin gona. Yau wanda ya taso daga Samaru ya bi ta Zango da Palladan da Hanwa zuwa Kwangila da wuya ya gane inda wannan unguwa ta ƙare waccan ta soma. A ƙidayar 2006 an sami wajen mutum 290,000 cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ko wane gida kuwa da murhunsa, ko wace unguwa da jujinta.

Iska Biyu Masu Karɓa-Karɓa

Shekarar ƙasar Zazzau iska biyu ke rabon ta. Ɗaya tana tasowa daga teku, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ita ce mai kawo damina. Ɗayar tana tasowa daga hamada, ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Ita ce mai kawo hunturu. Akwai iyaka inda su biyun ke karo, iyakar nan kuwa ba ta zama wuri guda. Cikin watan Agusta ta kan haura arewa har ta wuce Agadas, ƙasar Hausa duka ta shiga hannun iskar teku. Cikin Janairu ta kan gangara kudu har kusa da bakin teku, iskar hamada ta mallake ko ina.

A Samaru ruwan shekara ya kan kai inci 40 zuwa 43, watau milimita 1,000 zuwa 1,100, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da farkon Oktoba ya ke sauka. Sauran watannin babu abin da ke wanke sama. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris iskar gabas ce ke mulki. Da rana laimar da ke cikin iska ta kan ragu har ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, ƙyauren katako ya motse.

Inda Ƙurar Ke Fitowa

Mutane da yawa suna tsammanin hazo ƙurar gonakin Katsina ce ko ta Damagaram. Ba haka ba ne. Mafi yawanta daga ƙasar Cadi ta ke fitowa, daga wani kwari da a ke kira Bodele, kusa da garin Faya, nisan mil 800 ko fiye daga Zariya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa ya ke, sa'ad da Tafkin Cadi ke da girma ninkin-ba-ninkin na yanzu. Da ruwa ya janye, sai ya bar busasshen laka fari, mai laushi kamar garin alli, cike da ɓawon 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa.

Arewa da kwarin akwai duwatsun Tibesti, gabas da shi akwai na Ennedi. Iska in ta matso ta tsakaninsu sai ta ƙara gudu, kamar yadda ruwa ke yi in ya shiga matsattsiyar kwata. Da ta fito sai ta afka wa busasshen lakan nan, ta yi sama da shi. Masu duba hotunan tauraron ɗan adam sun lissafa kwarin nan ya kan tā da ƙura wajen kwana 100 a shekara. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta tashi, sai a wayi gari Kano da Zariya sun yi fari fat. Wata ba ta tsayawa nan, sai ta ƙetare teku har dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Wannan ne dalilin da ya sa hazo ke zuwa kashi-kashi. A yi kwana uku ko huɗu rana kamar farin faranti, sa'an nan gari ya washe, bayan mako guda ya komo. In ya yi kauri, mutum ba ya hangen abin da ya wuce rabin mil. Masu koyon tuƙin jirgin sama a makarantarsu ta Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1964, sun san irin ranakun nan, don tilas ƙananan jirage su zauna ƙasa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa ta kan ba da gargaɗi ta rediyo kafin hazo mai kauri ya iso, ya kamata a riƙa kasa kunne.

Hazo Ba Sharri Ne Zalla Ba

Manomi ba shi da dalilin tsine wa hunturu baki ɗaya. Masu binciken ƙasa sun daɗe da gane cewa lallausar ƙasar nan da ke bisa gonakin Zariya da Funtuwa, wadda dawa da masara da auduga ke so, iska ce ta tara yawancinta a zamanin dā, kaɗan-kaɗan, bisa tsakuwa da marmara. Har yanzu kuwa ƙurar da ke sauka ko wace shekara tana ɗauke da ɗan abincin shuka, irin su kalsiyam da fotash. Ba ta kai a daina zuba taki ba, amma kyauta ce da ba a biya ko kwabo.

Busasshiyar iskar nan kuma ita ke ƙarasa busar da hatsi kafin a zuba a rumbu, ita ke busar da barkono da kauɗar tumatir. Sanyinta ne alkama ke bukata a fadama, in babu shi ba ta yin ƙwaya mai kyau. Aibin ƙurar ga mai lambu shi ne ta kan lulluɓe ganye ta rage masa hasken rana, ta kuma ɓata kayan shanya in an baza su bisa ƙasa ko bakin titi. Wanda ya shanya barkono bisa tabarma ko rumfa, nesa da hanyar mota, kayansa sun fi daraja a kasuwa.

Murfin Dare

Ƙurar Cadi ba mai ikon hana ta. Amma ba ita kaɗai ce ke shaƙe mutane cikin hunturu ba. Wanda ya fito da asuba cikin Disamba ya gangara wajen fadama zai ga wani abu shuɗi-shuɗi ya kwanta bisa ƙasa, bai wuce tsayin itatuwa ba, yana warin ƙonannen juji. Wannan ba hazo ba ne, hayaƙin jiya da daddare ne bai sami hanyar fita ba.

Ga yadda abin ya ke. Da rana ƙasa ta kan yi zafi, ta ɗumama iskar da ke kusa da ita. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta yi sama, ta tafi da hayaƙi da ƙura. Da dare cikin hunturu babu gajimare, saboda haka zafin da ƙasa ta tara ya kan tsere da sauri. Kafin asuba sanyi ya kan sauko har digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, wani dare ma ƙasa da haka. Iskar da ke manne da ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, wadda ke bisanta kuwa da sauran ɗuminta. Mai nauyi ba ta iya ratsa mara nauyi ta hau. Sai gari ya zama kamar tukunya da aka kife wa murfi, duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa wayewar gari yana nan ciki.

Iska mai sanyi kuma gangarawa ta ke yi kamar ruwa. Daga tudun Samaru da sauran unguwanni ta kan silalo a hankali zuwa kwarin Kubanni, ta tafi da hayaƙin da ta tarar a hanya. Kowa ya san fadama ta fi tudu sanyi da asuba, amma ba kowa ya lura ta fi shi hayaƙi ba. Watau mai lambun da ya yi sammako don ban ruwa, da wanda ya gina gida a gangare don fili ya fi araha, su ke shaƙar hayaƙin da na tudu suka tayar. Murfin nan ba ya buɗewa sai hantsi ya ɗaga, rana ta sāke ɗumama ƙasa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Irin murfin nan ya taɓa rufe birnin Landan na ƙasar Ingila, wanda shi ma cikin kwarin kogi ya ke, daga ran 5 zuwa ran 9 ga Disamba 1952. Ana tsananin sanyi, ko wane gida yana ƙona kwal, iska kuwa ta tsaya cik. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 sun mutu, daga baya masu bincike suka ce sun kai wajen 12,000. Har shanun da aka kai wurin nunin dabbobi wasu sun hallaka. Abin da ya sa aka kafa dokar tsabtace iska ke nan a ƙasar a shekarar 1956. Murfin Kubanni bai kai wannan ba, don rana tana buɗe shi kullum. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu Tā Da Hayaƙi

Abin mamaki shi ne, lokacin da murfi ke rufewa shi ne lokacin da kowa ke kunna wuta. Da magariba mata na girkin tuwo da itace ko kara. Masu shayi da masu tsire sun hura gawayi. Yara sun tara yayi da tsofaffin takalma da leda suna jin ɗumi. Wani ya share ƙofar gida ya cinna wa shara wuta, ya shige ɗaki ya bar ta tana cin kanta har asuba. In an ɗauke lantarki, injinan ba da wuta su tashi ko ta ina. Ga manyan motoci a hanyar Sakkwato da ta Kano suna zuba baƙin hayaƙi, ga babura suna tā da ƙura a lungunan da ba kwalta. A bayan gari kuma mafarauta sun saka wa daji wuta don ɓera da gafiya.

Masana sun kasa ƙurar iska bisa girman ƙwayoyinta. Akwai mai ɗan kauri, wadda gashin hanci da majina ke tare yawancinta, mutum ya yi atishawa ko kaki ya fitar. Akwai kuma mai laushi ƙwarai, wadda sai an jera ƙwaya wajen 30 kafin su kai kaurin silin gashin kai guda. Ita wannan ba abin da ke tare ta, sai ta wuce can cikin huhu, wata har ta shiga jini. Hazo yana da iri biyun duka, hayaƙi kuwa kusan dukansa mai laushin ne. Hayaƙin leda da taya ya fi ko wanne muni, don akwai guba a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida kaɗai yana jawo ajalin mutum wajen miliyan 3 ko wace shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar jiki. Mata da goyonsu su ne a bakin murhu. A jerin da hukumar ta fitar a shekarar 2016, cikin biranen da aka auna, 20 da suka fi yawan ƙura a iska huɗu na Nijeriya ne, watau Anaca da Kaduna da Aba da Umuahiya. Kaduna kuwa mil 50 ne kawai daga Zariya.

Akwai kuma hatsarin da ba ya jiran shekaru. Gawayi in yana ci cikin rufaffen ɗaki ya kan fid da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Injin ba da wuta ma haka. Mutum ya shiga da kaskon wuta don sanyi, ya toshe taga da tsumma, ya kwanta. Barci ya yi nauyi, shi ke nan. Irin wannan ya sha cinye gida guda a dare ɗaya cikin ƙasar nan.

Bazara Da Sanƙarau

Daga ƙarshen Fabrairu sanyi ya kan ja baya, zafi ya shigo. Cikin Maris da Afrilu rana ta kan kai digiri 35, wani lokaci ta doshi 40. Murfin dare ya yi sauƙi, amma ƙasa ta bushe ƙurmus, dabbobi sun tattake gonaki sun zama gari. Da tsakar rana guguwa ta riƙa yawo a fili tana kwasar yayi. Sa'an nan ga hayaƙin sharar gona ko ta ina.

Wannan ne lokacin sanƙarau. Zariya tana cikin yankin nan da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. An yi annobarsa a Zariya a shekarar 1977, likitocin asibitin Jami'a suka bi diddiginta, suka ga ta yi ƙarfi sa'ad da iska ta fi bushewa, ta kuma lafa da ruwa ya sauka. A shekarar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

Ba ƙura ce ke ɗauke da ƙwayar cutar ba. Ƙwayar tana zaune cikin maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu kome ba, tana bin numfashi da tari daga wannan zuwa wancan. Amma watanni huɗu na bushewa da ƙura da hayaƙi su kan ƙeƙashe fatar cikin hanci da maƙogwaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka haɗa da kwanan mutum goma cikin ɗaki guda ba taga, abin ya sami yadda ya ke so. An soma allurar rigakafin irin da ya fi yin ɓarna a shekarar 2011, ya kuwa ja baya ƙwarai. Amma a 2017 wani iri dabam ya ɓarke, ya fi tsanani a Zamfara. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma aiki da sabuwar allura mai maganin iri biyar. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya kama, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.

Dabbobi ma suna ji a jikinsu. Annobar nan da ke share akurkin kaji ta fi yawa cikin hunturu, tumaki da awaki kuma su yi ta tari da majina. Mai kiwo ya yi wa kajinsa rigakafi tun da kaka, ya kuma kāre garkensa ta gefen gabas da zana.

Damina Mai Wanki

Hadarin farko ta gabas ya ke tasowa, ya turo jar ƙura gabansa, ya kwashe rufin da bai ƙullu ba. Amma da ruwa ya zauna, sai sama ta wanku. Ko wane ɗigo ya kan sauko da ƙurar da ya tarar a hanya, ciyawa ta rufe ƙasa, hanya ta daina tashi. Daga Yuni zuwa Satumba iskar waje ta fi ta ko wane lokaci tsabta, shi ya sa Kufena ke matsowa kusa.

Cikin gida kuwa labari dabam ne. Ruwa ya kan kori murhu daga tsakar gida zuwa cikin ɗaki ko zaure, itace kuma ya jiƙe. Ɗanyen itace hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Cikin marka mai girki ta kan sha hayaƙin da ya fi na rani. Maganin wannan tun da bazara a ke yinsa: a tanadi busasshen itace ƙarƙashin rumfa, a kuma fasa wa madafa taga ta sama inda hayaƙi zai bi.

Da kaka kuma ƙurar aiki ce, ta sussuka da shiƙa da casa, da ta injin niƙa da injin ɓarzar masara. Mai shiƙa ta tsaya iska na bugun bayanta, a kuma kau da yara daga inda ƙaiƙayi ke sauka. Wanda ke yini a bakin inji ya ɗaura ƙyalle ko takunkumi a hanci, don tarin da masu wannan sana'a ke fama da shi da tsufa tun suna samari su ke tara shi.

Asarar Mai Ƙona Kara

Cikin masu tā da hayaƙi duka, manomin da ke cinna wa gonarsa wuta shi ya fi asara, don sau biyu ya ke biya. Kara da ganye da ciyawa abincin da shuka ta ciro daga ƙasa ne. In suka ruɓe a gona, ko dabbobi suka ci suka mayar da taki, abincin ya koma inda ya fito. In aka ƙona su, sinadarin naitirojin, watau abin da manomi ke saye da tsada cikin buhun Yuriya, kusan dukansa ya kan bi hayaƙi. Abin da ya rage toka ce, ita ma iskar bazara ta kwashe rabinta ta kai gonar wani. Ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko ya zo ya zaizaye ta ya zuba cikin Kubanni. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. A nan kuwa tokar ba ta da kasuwa.

Gaskiya ne akwai ƙunar da ba makawa. Itacen auduga tun zamanin Turawa a ke umurtar a tuge shi a ƙona bayan an gama tsinka, don kashe tsutsar da ke kwana a ciki ta jira baɗi. Karan dawa ko na masara da tsutsa ta cinye, da ƙudujin da aka tuge, su ma wuta ce maganinsu. Ba a ce kada a kunna wuta sam ba. Abin da a ke so shi ne a san abin da za a ƙona, da lokacin da za a ƙona shi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Wanda tilas ya ƙona wani abu a gona, ya bari ya bushe sarai, ya tara shi ƙananan tsibi, ya share kewayensa don gudun gobara. Ya zaɓi ranar da iska ba ta da ƙarfi kuma ba hazo. Ya kunna bayan hantsi ya ɗaga, sa'ad da hayaƙi ke miƙewa sama, ya tabbata wutar ta mutu kafin la'asar sakaliya. Hayaƙi da kansa ya kan nuna: in ya miƙe tsaye, sama a buɗe ta ke, in kuwa ya tashi kaɗan ya kwanta ya bazu, murfi ya rufe, sai a kashe.

Sharar gida a raba ta. Ɓawo da ganye da toka da kashin dabbobi a zuba a rami su zama taki, manoman bakin gari ma nema su ke. Leda da roba da taya kada a saka musu wuta, balle da dare. Masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa in suka haɗa baki bisa wannan magana guda, watau kada a cinna wa juji wuta bayan la'asar daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mutanen gangare za su ji bambanci a ƙirjinsu tun a shekarar farko.

Kaskon wuta a ɗumama ɗaki da shi, a fitar kafin a kwanta. Injin ba da wuta a ajiye shi a fili, nesa da taga. Ran da hazo ya yi kauri, tsofaffi da jarirai da masu asma su zauna ciki har rana ta ɗaga, a yayyafa ruwa kafin a yi shara, a yawaita shan ruwa, a shafa ɗan man kaɗanya a bakin hanci. Ɗan kasuwa ya rufe gari da manja da nama, kada ya bar su buɗe a bakin titi.

Sa'an nan a dasa itatuwa ta gefen gabas da arewa na gida da gona da makaranta. Darbejiya da mangwaro da maɗaci ba su zubar da ganye duka da rani, su kan rage wa iska gudu, ƙura mai kauri ta sauka a jikinsu kafin ta iso ɗaki. Manyan itatuwan da ke bakin tsofaffin hanyoyin Zariya waɗansu ne suka dasa, ba su kuwa daɗe sun sha inuwarsu ba. Lokacin dashe shi ne Yuni da Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, ramin kuwa tun da bazara a ke haƙa shi a zuba taki.